Ƙullin baƙar leda a randar Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da Ƙaramar Sallata ta farko a gidan surukaina a Matankari.

Ni da rawar kai, na ƙudurta ba zan je da cincin irin na kowa ba. Na ga wata a waya tana narka shokola, wato cakulan, ta shimfiɗa a faranti, ta barbaɗa gyaɗa, in ya daskare ta kakkarya. Haka na yi a gidanmu a Dogon Dutsi, har da riɗi da dabino, na sa a firigo, wato firiji. Ya fito gwanin sha'awa (ni kaɗai na gani, shi ya sa har yau ba ni da shaida).

Da safiyar Sallah muka hau babur ni da maigidana. Kafin mu isa, zafi ya fara lausasa shi, ga gidan ba firigo. Sai dabara ta zo mini: na ƙulle shi a baƙar leda, na naɗe bakin tam da jan zaren kitso, na faki ido na jefa a randar Inna, surukata, don ya yi sanyi.

Ana saukowa daga Idi, gida ya cika. Inna ta zura moɗa za ta ɗebo wa baƙi ruwa, sai ga ƙulli ya biyo. Ta saki moɗar ta ja da baya.

"Innalillahi! Wa yas sa wanga abu cikin randata?"

Gwaggo Dije, ƙanwar surukina, wadda ta san harkar iskoki, ta tsamo shi da tsinke. "Kak kowa ya taɓa! Baƙar leda da jan zare, cikin ruwan sha? Wanga aiki na, kuma na cikin gida yay yi shi."

Na cikin gida. Ni kaɗai ce sabuwar fuska a gidan. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don na san in sunan mai asiri ya manne wa amarya, har jikokinta sai an nuna su da baki. Kunyar suruka kuma ta hana ni ko tari. Maigidana yana waje wurin maza, bai ma san ina ƙonewa ba.

Gwaggo ta yaga ledar. Abin ya cure, baƙi ƙirin, ga gyaɗa tana leƙowa kamar haƙora. Wata ta rantse ta ga gashi (zaren dabino ne). Sai na ji Gwaggo na cewa a zubar da ruwan, a fasa randar, a kira mai duba ya faɗi sunan mai shi. Randar da Inna ta gada wurin uwarta!

Na rarrafa na durƙusa. "Inna, ni ce. Shokola ne... tsarabarku ce."

Gwaggo ta miƙo mini tsinken. "To, ɗiyata, in abinci na, ci mu gani."

Na ci. Na lashe curin nan kaf, mata ashirin na kallon ko zan faɗi, hawaye da shokola na gangaro mini a haɓa. Da ban mutu ba, Inna ta dangwali ragowar jikin ledar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"Duk wagga fitina, ko ɗanɗanon alewa bai kai ba."

Randa dai ta tsira, sunana ne bai tsira ba: har yau "Mai Ƙulli" suke kirana. Na koyi cewa tsarabar da sai an ɓoye ta a gidan suruka, gara a cinye ta a hanya. Yanzu cincin nake kaiwa, a buɗaɗɗen kwano.