Rasuwar Paloma, Farar Bindigar Gidan Zamudio

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Eleuterio Zamudio nake sanar da 'yan uwa da abokan kiwo na jihar Michoacán ta ƙasar Mexico rasuwar Paloma, ƙaramar bindiga mai farar rigar ƙarfen nikel, wadda na gada daga mahaifina.

Marigayiyar ba ta taɓa cutar da ɗan Adam ba. Sau ɗaya take magana a shekara, ranar bikin waliyyin garinmu: "tau!" sama, sai karnuka su watse. Ba ta son komai sai tsumma mai laushi da ɗigon mai. Duk Lahadi ni nake goge ta a hankali, ina jin "ƙas, ƙas" ɗinta idan na juya gidan harsashi. Har gashin bakina nake gyarawa ina duba fuskata a jikinta kamar madubi.

Ciwon ajalinta ya zo ne lokacin da nake kwance a asibiti. Matata Casilda, wadda idanunta suka kusa mutuwa, ta ce ba za a bar Paloma babu wankan Lahadi ba. Sai ta yi mata irin gatan da take yi wa tukunyarmu ta jan ƙarfe: lemun tsami, gishiri, soson ƙarfe, kuma ta bar ta a jiƙe. Na dawo na tarar fatar tana ɓarewa kamar ɓawon kifi. Casilda ta miƙo mini ita da hannu biyu tana murmushi, yatsunta duk sun tsage.

"Tsoho, ka ga yarinyarka? Tana sheƙi, ko?"

Na ce, "Sosai, tsohuwa." Sannan na fita bayan garke na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka kai mahaifina makwancinsa.

Maƙeri Nabor ya duba ta, ya cire hularsa don girmama mamaciya.

Marigayiyar ta bar kube ɗaya na fata, da harsashi biyar marayu, da ni.

Za a naɗe ta a tsummanta a sa a akwati ranar Asabar bayan an taso daga coci. Akwai kofi da tamales, wato alalen masara. Casilda ba ta iya karanta wannan sanarwa, ita a saninta walimar warkewata ce. Kafin a naɗe ta, Casilda za ta zagaya da Paloma ta nuna wa kowa. Don Allah, idan ta iso gabanku, ku ce tana sheƙi.