Rasuwar Uwar Shida, Bindigar Inusah Kaboyi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tsoro wanda har yau bai gama sauka daga ƙirji ba, Malam Inusah Tanko, direban tasi, mazaunin hawa na tara a Concourse Village cikin Bronx, yana sanar da 'yan uwa 'yan Zango, da 'yan Nijar masu kasa kaya a Canal Street, da mutanenmu na Tompkinsville da ruwa ya raba mu da su, rasuwar bindigarsa Uwar Shida. Ta rasu ranar Asabar da ta gabata, cikin wannan shekara ta 2016, a gaban wanda ya fi kowa ƙaunarta, kuma da izininsa.

Marigayiya bindigar hannu ce irin ta kaboyi, mai ɗaki shida da ke juyawa a cikinta, daga nan ta samo sunanta. Mariƙinta na itace ne, ya yi baƙi ƙirin da gumin mutum ɗaya. Ba ta taɓa kwana a Bronx ba ko sau ɗaya, domin birnin nan ba ya wasa da zancen bindiga. Ta yi zamanta cikin akwatin ƙarfe na wani kulob a wani ƙauyen Pennsylvania, kuma a takarda sunan mai kulob ɗin ne a kanta, wani tsohon Bature da Inusah ke kira Baba Mai Gemu. Amma takarda daban, gaskiya daban. Duk wanda ke zuwa wurin ya san ta wane ce, ba kuma wanda ke taɓa ta.

Tun yana yaro a Aboabo ta Kumasi, yana leƙen fim ɗin kaboyi ta ramin katangar silima, Inusah ya ɗauka duk Amurka haka take, doki da malfa da maza masu zafin hannu. Da ya zo sai ya tarar da cunkoson motoci da ƙanƙara da fasinja masu mita. Ya yi shekaru yana tuƙi kafin wani fasinja mai doguwar malfa ya ba shi labarin inda kaboyin suka ɓuya. Wasan nasu ba wuyar fahimta gare shi. Mutum ya tsaya da bindiga cikin kube a ƙugunsa, a gabansa faifan ƙarfe mai ƙaramar fitila a tsakiya. Ba wanda ya san lokacin da fitilar za ta kama. Da ta kama sai ya zare, ya harba, agogo ya faɗi wanda ya riga wani. Harsashin ma na kaki ne, in ya daki faifan sai ya baje kamar an jefa kyandir a bango.

Za a daɗe ana tuna kyawawan halayen marigayiya. Ba ta taɓa zubar da jini ba, ko na tantabara. Ba ta taɓa cijewa ranar gasa ta kunyata mai ita ba. Ba ta da yawan magana: in ya ja ta da babban yatsa sai ta ce ƙas-ƙas-ƙas-ƙas a hankali, sannan ta ce tas, shi ke nan ta gama zance. Ita ta mayar da direban tasi Kaboyin Zango, sunan da Turawan kulob suka sha wuya kafin su iya faɗa. A hannunsa lokacin zare ta da harbawa ya sauko ƙasa da rabin daƙiƙa, ta ciyo masa kan bel na azurfa har sau biyu, ta sa tsofaffin da suka yi masa kallon baƙo ranar farko suka koma tambayarsa sirri.

Sirrin kuwa guda ne, ita ta koya masa: wanda ya tsaya tunani ya makara. Ido ya ga haske, hannu ya tafi, kai ya ji labari daga baya. Tun da ba ya samun ganin ta sai ranar Asabar, sai ya kafa ƙaramar fitila a bangon ɗakinsa, irin mai kamawa lokacin da ta ga dama, ya ɗaura bel da kube babu komai a ciki, ya riƙa zarewa da hannu fanko. Safe da yamma, shekara bakwai. Matarsa Safiatu ba ta taɓa hana shi ba. Ita ta ɗinka masa rigar kaboyi mai geza, ita ke dafa wake da shinkafa da shito, miyar barkonon nan ta Gana, ta cika kula ya kai wa Turawan, su ci suna share hawaye suna neman ƙari. Cewa take gara mijin da ke harbin faifai da wanda ke zaman majalisa yana harbin mutane da baki.

Ciwon ajali ya fara ne da abin dariya, kamar yadda manyan cututtuka suka saba. Ranar da 'yarsu Adjara ta gama makarantar koyon jinya, mai hoto ya haska, hannun Inusah ya daki ƙugunsa, kofin shayi ya tashi sama, kowa ya ƙyalƙyale. Daga baya sai aka lura ko firiji ya buɗe a ɗaki mai duhu hannun yakan motsa. Amininsa Abdulai mai shagon waya ya mayar da abin wasa, sai ya bari ana tsakiyar hira ya kunna masa tocilar waya, hannu ya tafi, majalisa ta kwashe da dariya. Shi ma Inusah dariyar yake yi, har da ɗan alfahari, wai hannunsa ba ya barci. Safiatu ce ta fara daina dariya.

Ranar Juma'ar da ta gabata da rana tsaka, bayan an sauko daga masallaci, lif ɗin gidansu ta ƙi tashi, suka bi matakala, shi a gaba, Safiatu a baya da ledar cefane. Matakalar ba ta da taga, ƙwan fitilar hawa na biyar kuma ya daɗe da ƙonewa. Ashe 'yan sanda biyu suna saukowa daga sama, an kira su kan wani da aka ce yana yawo da makami a gidan. Suna shan kwana, ƙaramin cikinsu ya kunna tocila a fuskar Inusah.

Hannu ya tafi. Ya daki ƙugu, ya ɗago, ya tsaya daidai cibiya, manuniya a miƙe tana duban ƙirjin ɗan sanda. Inusah bai aike shi ba, bai ma san ya tafi ba sai da ya gan shi a can. Ɗan sandan ya kai hannu ga tasa bindigar, ta gaske, mai harsashin gaske, amma kafin ya gama zarewa hannun Inusah ya riga ya isa, yana tsaye cikin haske ba komai a cikinsa, kowa na gani. Bakin bindigar ya tsaya a saitin goshin Inusah. Safiatu ta ƙanƙame ledar a ƙirjinta don kada gwangwani ɗaya ya faɗi ya yi ƙara. Aka kwantar da shi a kan siminti aka laluba shi kaf, aka samu makullin mota da carbi. Babban ɗan sandan ya tambaye shi mene ne wannan da ya yi, Inusah ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. Ƙaramin kuwa zama ya yi a kan matakala, ya kifa kai a gwiwa, ya daɗe bai tashi ba.

Da suka shiga gida, bayan ya sha ruwa jikinsa ya ɗan dawo, Inusah, da yake Inusah ne, har ya soma cewa ai ko ba komai ya riga yaron ɗan sandan nan zarewa. Safiatu ta ajiye ledar, ta dube shi.

“Baban Adjara, yau ka yi winning,” in ji ta. “Amma duba gemunka, ya fara furfura. Ranar da hannun nan ya yi late kaɗan, police ya gan shi yana ƙugu, wa zai gaya masa ba komai a wurin?”

Inusah ya san abin da agogon kulob ke nuna masa tun bara, wanda bai gaya wa kowa ba: saurinsa ya soma raguwa. Tsoro ya kama shi a lokacin, irin wanda bai kama shi a matakala ba.

Washegari ya tuƙa zuwa Pennsylvania. Baba Mai Gemu ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce a bar ta a akwati, ko a ba wani. Inusah ya ƙi. Ya san kansa: muddin tana raye, Asabar ba za ta same shi a gida ba. Ya goge ta da mai kamar yadda ya saba, ya ja ta sau ɗaya, ta ce ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, bai bari ta ƙarasa ba. Tsohon ya ɗaure ta a kan teburin aiki ya yanka ta gida uku da zarton ƙarfe. Ta yi wani kuka siriri wanda ba a taɓa jin ta da shi ba, sannan ta yi shiru. Inusah ya yi hawaye, bai kuma ɓoye ba.

Da tsohon ya rako shi bakin mota, sai ya gaya masa abin da ya gani cikin shekarunsa a wannan harka. Ya ce hannun da ya bar atisaye ba ya manta hanya da wuri, saurin ne ke fara tafiya. Inusah ya so a ce tsohon ya riƙe wannan magana a cikinsa. A hanyar dawowa wata babbar mota ta haska masa fitila daga baya don ya ba ta hanya, hasken ya faɗa madubi, hannunsa na dama ya saki sitiyari.

Marigayiya ta bar kwanson harsashi shida na tagulla, duk marayu. Ta bar bel da kube, da malfa, da rigar geza, da kan bel biyu na azurfa da yanzu ba wanda ke son kallo. Ta bar fitilar bango, wadda Safiatu ta ciro da kanta ta kai bola. Ta kuma bar babban marayanta, hannun dama na Malam Inusah, wanda aka yi aka yi ya ƙi yarda ta mutu. Yanzu Safiatu ba ta barin mijinta ya fita sai da fulas ɗin shayi a wannan hannun, don ya samu abin riƙewa. Zuwa yau ya fasa biyu.

Game da jana'iza, Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma iyali sun karɓi wannan hukunci. Ranar Laraba Baba Mai Gemu zai kai guntayenta wurin masu narka ƙarfe, ba a bukatar rakiya. Za a karɓi gaisuwa ranar Lahadi bayan azahar a gidan Malam Inusah, labule a buɗe, a tashi kafin rana ta faɗi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ɗauki hoto, kowa ya kife wayarsa, mai shigowa ya yi sallama tun daga nesa. An gaya wa Abdulai ya bar wasansa a shago, ya kuma rantse ya bari har abada. Wanda ya yi niyyar kawo goro, in da hali ya kawo fulas.

Liman zai zo duk da haka, ya ce zai dafa hannun ya yi addu'a. Ita marigayiya ta huta, ba ta bukatar komai daga gare mu. Shi kuwa Malam Inusah ranar Litinin zai koma aiki, cikin garin da kowane lungu akwai fitila, kowace kwana akwai mai bindiga a ƙugu. Don haka iyali suna roƙon duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi ya taya su da addu'a guda: Allah Ya sa hannun ya manta kafin ya rage sauri.