Rasuwar Uwar Lambobi, Rumbun Bayanan Shagon Wanki da Guga

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, mai shagon wanki da guga na gindin gada yake sanar da rasuwar rumbun bayanan kwamfutarsa, wadda ma'aikata ke kira Uwar Lambobi.

Marigayiya ba ta taɓa haɗa wandon wani da rigar wani ba. A ba ta lamba, ta faɗi mai kaya, har da wanda ba ya son sitati. Saboda amincinta ne maigida ya daina rubuta suna a wuyan riga, duk da uwargida ta ce kada ya yi.

Ciwon ya fara ranar da aka jona babban dutsen guga tana tsakiyar adana aiki, wuta ta ɗauke. Da aka kunna ta sai ta yi “ɗin!”, ta ce wani yana amfani da ita. Maigida ya waiga, shi kaɗai ne a shagon. Ya kashe, ya kunna, ya shafa mata kai. Ta sake “ɗin!”, ta ce ba ta ga hanyar fayil ba, ita da ko ƙofa ba ta taɓa leƙawa ba.

Aka garzaya da ita wurin mai gyara. Ya goge wani fayil da ya kulle ta, ya danna maɓallin gyara, sannan ya nemi kwafin ajiya. Maigida ya miƙa filashi yana taƙama. Ashe duk shekarun nan ɗan hoton da ake dannawa a buɗe ta yake kwafewa, ba rumbun ba. Mai gyara ya cire tabarau, ya ce sai haƙuri. Kalamanta na ƙarshe: “Ban gane wannan fayil ba.”

Ta rasu ta bar firinta gwauro, linzamin kwamfuta mai ɗingishi, da marayun fararen riguna da suka shaƙe kantar shago, kowacce da lamba, babu mai uba. Tun jiya mutum uku suka rantse a kan kwat guda.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, cikin kwalin sabulu, a ƙarƙashin teburin guga. Zaman makoki a bakin shago, inda za a baje marayun a kan igiya. Mai ta'aziyya ya faɗi tabon rigarsa kafin ya taɓa ta. Wanda ya kawo tsohuwar riga, don girman Allah ya koma da tsohuwa.