Gyaran da Ba a Sa Ni Ba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da surukina ya dawo daga Umra ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Har yau idan na ji an danna hon mai kiɗa a titi, sai abin ya dawo mini sabo.

Ni mutumin Anka ne, ma'aikacin ƙaramar hukuma, abin hawana babur. A Gummi na yi aure. Surukin nawa, Alhaji, yana da wata tsohuwar mota fara, irin waɗanda ake harhaɗawa a Kaduna tun ban san hagu da dama ba. Duk Gummi an san ta. Yana da wani surukin kuma, mijin yayar matata, dillalin zinari ne daga Bukkuyum, shi ya biya masa kujerar Umrar. Ni kuwa abu mafi tsada da na taɓa kaiwa gidan shi ne kwandon mangwaro. (Kada ka yi dariya, mangwaron mai kyau ne.) Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba. Burina ɗaya, ko sau guda Alhaji ya nuna ni a gaban mutane ya ce ga ɗan albarka.

Ranar tafiya ya miƙo mini makullin motar, na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Ka riƙa zuwa kana tashinta, kada batir shi mutu." Iyakar abin da ya ce ke nan, wallahi. Shaiɗan ne ya ƙara sauran.

Da na shiga motar sai tausayi ya kama ni. Sitiyari ya sha hannu har ya yi sulɓi, fitilu sun yi jawur, kujerar gaba ta yage an ɗinke da zaren lilo. Na ce a raina, mai zinari ya kai shi Makka, ni zan sabunta masa mota. Na gaya wa Inna, surukata, cewa zan kai ta a duba mai. Matata ma ban sanar da ita ba, don tsakaninta da Inna babu sirri.

Na kai ta garejin wani makaniki, Malam Sani, na ce a canza komai. Ya goge hannu ya dube ni.

"Yallaɓai, kayan mota iri ukku na. Akwai folokam, wanda ya fito da mota tun daga kamfani. Akwai ɗan Beljiyam, shi ma na asali na, sai dai daga jikin wata mota aka ciro shi a Turai. Sannan ɗan kwali, sabo fil, amma kwaikwayo. Motar Alhaji kusan komi nata folokam na. Ka ko tambaye shi?"

Na ce ai ba-zata zan yi masa. Bayanin nan na fahimce shi sarai, kada ka ce ban gane ba. Jerin ne kawai na kifa. A lissafina folokam shi ne mafi tsufa, saboda haka shi ne na ƙarshe. Ɗan Beljiyam gwanjo ne, wa zai girmama suruki da gwanjo? Na ce, "Ɗan kwali, Malam Sani. Wanda za a ɓare ledarsa a gabana." Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, ya kira masu kwance ƙusa.

Albashina ya tafi, na watan gaba ma ya bi shi. Aka sa sitiyari mai sheƙi, fitilu masu ido kamar na mage, kujeru masu laushi, aka fesa mata jan fenti. Tsofaffin kayan kuwa na haɗa su da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Na ƙara da hon mai kiɗa daga aljihuna. (Wannan ko Malam Sani sai da ya ce a'uzubillahi.)

Ranar dawowa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida bayan la'asar. Dattawan unguwa sun cika, ana rabon dabino da zamzam, mai zinari na zaune kusa da Alhaji cikin shadda mai ƙara. Sai ga ni na karyo kwana. Na taka birki, ƙura ta tashi, na danna hon. Kiɗa ya tashi tiriri-tiriri kamar na mai sayar da askirim. Na fito na durƙusa, na ɗaga murya yadda na baya za su ji:

"Baba, ga motarka. Ko ƙusa ɗaya tsohuwa ba a bari a jikinta ba!"

Wurin ya yi tsit. Na zaci daɗi ne ya hana su magana, har na fara murmushi. Mai zinari ya cusa fuska cikin hannun riga yana wani tari da ban yarda da shi ba.

Alhaji ya miƙe a hankali, ya zagaya motar, ya leƙa ta taga.

"Ina sitiyarin?"

"'Yan gwangwan sun saye, Baba."

"Fitilun hwa?"

"Su ma."

Wani tsoho abokinsa ya tafa hannu. "Innalillahi! Motar da wani ya taso tun daga Kano bara yana roƙon a sai mashi, don komi nata folokam na, Alhaji ya ƙi? Yaro, mi ka yi haka?"

Alhaji bai ɗaga murya ba, ni kuwa da ma ya zage ni. Ya ce, "Kujerar gaba?"

Nan ne na so ƙasa ta tsage. 'Yan gwangwan sun ƙi kujerar, don haka na ba mai shayin da ke tsallaken titi kyauta, har yana sa mini albarka. Na ɗaga yatsa na nuna. Kowa ya juya. Ga ta can a jikin tebur, wasu ƙarti biyu sun baje a kanta suna tsoma burodi.

Alhaji ya tsallaka titi, ƙartin suka zabura da kofunansu. Ya zauna, ya shafa wurin ɗinkin nan. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bisa kujerag ga na ɗauko Innarsu tana amarya. Bisanta na kai ta asibiti za ta haifi matarka." A nan na daina jin kunyar mutane, na koma jin ciwon abin da na yi wa tsohon.

Sai ya ce a kawo tabarmin nan. Haka walima ta koma wurin mai shayi, ni ina tsugune a gefe. Duk baƙon da ya zo sai ya tambaya me ya sa ake zaune a nan, shi kuma ya nuna ni ya ce, "Ku tambayi ɗana, shi ya san kan mota."

Washegari na ɗauko kujerar a ka na tsallaka titi da ita, bayan na saya wa mai shayi benci. Fitilu na samo 'yan Beljiyam a Gusau da ƙyar. Sitiyarin kuwa na bi 'yan gwangwan har Anka, an ce tuni an loda shi zuwa inda ake narkarwa. Alhaji bai sake yi mini zancen ba, amma motar ta fi zama a rumfa yanzu, kuma na san dalili.

Abin da na koya shi ne, idan dattijo ya ba ka ajiyar tsohon abu, tsufan nan yana cikin ajiyar. Alhaji ma ya koyi nasa. Bana da zai yi tafiya ya kira ni, na durƙusa ina jiran makulli. Sai ya miƙo mini igiyar ragonsa na layya, ya riƙe hannuna ya ce, "Dusa da ruwa kawai. Don Allah kada ka canza mashi komi."