Adakar Vernon da Farantin Takarda

"Lafiya lau, sai dai ganinki da ya ɓata mini safiya," in ji Vernon, yana zaro bindigarsa adaka daga bayan motarsa.

"To rufe ido mana, tsoho. Ko a buɗe suke ai ba wani aiki suke maka ba."

Darlene 'yar gwaggonsa ce. Tun suna tsallaka rafi ba takalmi suke yi wa juna tsiya, yanzu duk sun haura saba'in, ba wanda ya gaji. Dajin da ke bayan gonar masarar nan ta kudancin jihar Iowa nata ne, mijinta ya bar mata. Bara Vernon ya harbi wata barewa a tumbi, ta tsere da ciwo, sai daga baya Darlene ta tsinci ragowar da karnukan daji suka bari a bakin rafi. Tun ranar ta kafa doka: wanda ba zai iya zuba harsashi cikin farantin takarda ba, faɗin ƙirjin barewa ke nan, ba zai taka mata daji da bindiga ba. Jibi kuwa ake buɗe farautar adaka. Shi ya sa Vernon, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kiran madubin saiti tabaran ragwaye, yau ya ɗauro sabo fil a kan bindigarsa, abin yana ci masa rai.

Darlene ta manna farantin a jikin damin ciyawa, can ƙarshen fili, ta dawo tana taka ƙanƙara.

"Wannan faranti ne ko murfin kwalba?" in ji shi.

"Wanda na ci abinci a ciki ne. In kawo maka ƙofar rumbu?"

"Ke da ba ki taɓa samun komai ba sai miji, shi ma don bai iya gudu ba ne."

"Shi dai na same shi a ƙirji. Kai fa?"

Ya haɗiye wannan, da ɗaci. Ya auna albarushi ya zuba ta baki, ya danna harsashi da sandar ɗuri, ya sa 'yar hular wuta da ke tayar da albarushin, ya ɗora bindiga a buhun yashi. Daram! Farin hayaƙi ya rufe su. Da ya washe, farantin na nan fes.

"Barka," in ji Darlene. "Ka kashe ciyawa. Mu feɗe ta nan ko a gida?"

"Madubin ne. Yaran kantin nan ba su san hagu da dama ba."

Ya murɗa saitin sama, ya goge cikin bindiga da tsumma, ya sake ɗurawa. Wannan karon harsashin ya bi ta gefe. Ya murɗa dama, ya tafi ƙasa. Ya zagi iska, ya zagi albarushi wai ya sha sanyi, ya zagi wanda ya ƙera madubin har da kakanninsa.

"Vernon, kana bin harsashi kamar mai korar kaza. Ka murɗa madubin nan har ya manta gabas."

"Numfashinki ne ke kaɗa shi. Matsa can, mayya."

"Kawo in ɗura maka, yatsunka sun ƙage."

Ta juya masa baya ta yi 'yan taɓe-taɓenta, ta miƙo. Ya kwantar da kumatu, ya ga farantin ƙato a madubi kamar ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya ja kunamar bindigar.

Ƙyas. Ba wuta, ba hayaƙi. Amma bakin bindigar ya nutse cikin buhun yashi, kafaɗarsa ta zabura, idanunsa duka biyu a runtse. Da ya buɗe su, sai ga hular wutar a tafin Darlene. Ba ta sa ba.

Kunya ta kama shi har wuya, haushi ya biyo baya. Ya san dabarar sarai. Da ita ake kama yaron da ke tsoron ƙara, a nuna masa cewa shi ke fizgar bindiga tun kafin ta tashi.

"Abin yara kika yi mini, Darlene."

"Kai ka koya mini. Bayan rumbun Kaka, ina 'yar ƙarama. Shekara guda ka yi kana kwaikwayon yadda na runtse ido."

"Ashe riƙe kike da shi."

"Ni ba na yar da kaya."

Ta zauna a wurinsa, ta yi harbi a jere ba ta taɓa saiti ba, duk harsasan suka taru wuri guda a gefen damin. Ta murɗa sau ɗaya. Na gaba ya huda tsakiyar farantin. Ba ta yi dariya ba, wannan kuwa ya fi yi masa ciwo.

"Ni ban ji tsoro ba," ya ce a hankali. Ya ɗaga hannunsa na dama, suka tsaya suna kallon yadda yake rawa. "Shi ne. Tun bazara ba ya jin maganata."

"Na gani tun a coci, da kake riƙe littafin waƙa."

"Bar ni in shiga bana kawai. Zan bari barewar ta matso kusa."

"Ta bara ma kusa take."

"Ke dai muguwa ce tun kina zanen goyo."

"Na ji. Amma ba za ka shiga ba."

Ya daɗe yana kallon bakin dajin, inda ya san kowane kututture. Sai ya yi wata dariya marar daɗi, ya tura mata adakar a kan tebur, da madubin da sandar ɗurin duka.

"Riƙe. Ai dama kin fi kama da ita, baki a buɗe, ciki duk hayaƙi."

"Na karɓa, ba godiya. Jibi ka zo da wuri ka zauna kusa da ni, ka riƙe mini kofin kofi."

"In zubar miki a cinya?"

"Rabi zan cika maka."