Ranar da na naɗa sanata a gidan biki

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, kuma da ana goge rana daga rayuwa da ita zan fara gogewa. Ranar ce na karɓi makirufo a bikin mutane na naɗa sanata da bakina.

Na daɗe a Landan, a unguwar Lewisham. Gadi na yi har na yi ritaya, karatuna kuwa bai wuce firamare ba. Amma da yake ni ne dattijon ƙungiyar 'yan garinmu, kuma ba na rabuwa da rediyo, sai aka ɗauke ni masanin siyasa (ni ma na ɗauki kaina, kada in yi ƙarya). Da zaɓen sanatan yankinmu na gida ya matso, wani abokina ya fito takara, mutumin da muka zauna benci ɗaya a makaranta. Sai na sa aka buɗe ƙuri'ar jin ra'ayi a zauren ƙungiya na waya. Ni na fara dannawa, sannan na ɗauki wayar matata na danna mata.

Kafin kwana biyu layin ƙuri'un abokina ya miƙe har bakin waya, na abokin hamayyarsa kuwa ko motsi. Na nuna wa 'yata Zainab ina washe baki.

"Baba, su wa suka amsa?"

"Jama'a mana!"

"Jama'ar Lewisham? Ai babu mai vote a cikinsu, suna nan, akwatin zaɓe yana can gida."

Na ce mata ta bar wa manya siyasa.

An yi zaɓe ranar Asabar. Washegari aka yi walimar auren ɗiyar aminina Malam Garba a wani ɗakin taro a Stratford. Bayan shinkafa da naman kaza aka miƙo mini makirufo in yi wa ango da amarya nasiha. Na fara da kyau, na yi maganar haƙuri da zaman lafiya. Da a nan na tsaya! Ina! Sai na gyara babbar riga na ce, "Jama'a, yau farin cikinmu biyu ne. Ni ba na magana da ka, alƙaluma ne a hannuna. Sanatanmu ya riga ya ci, sanarwa kawai ta rage. A tafa masa!"

Mutum uku suka tafa, biyu daga ciki ba sa jin Hausa. Na lura kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Malam Garba yana jan gefen rigata yana cewa, "Alhaji, zauna. Don Allah zauna." Ni kuwa na ɗaga tawa wayar sama ina nuna dogon layina.

Sai ga guɗa daga teburin mata. Uwar ango ce, ta miƙe tana rawa. Ashe a lokacin sakamako ya fito, abokina ya sha ƙasa, wanda ya kayar da shi kuwa yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowa a ɗakin ya san da haka sai masanin siyasa.

Ban san yadda na koma kujera ba. Na raɗa wa Malam Garba, "Amma ai kai ma abokina ka danna wa."

Ya ce, "Haba Alhaji, sunan kowa fa yana fitowa a ƙarƙashin abin da ya zaɓa. Kai ka fara dannawa, wa zai saɓa maka a gaban jama'a? Har surukar tawa naka ta danna."

Wato ba ra'ayin mutane na auna ba, kunyarsu na auna.

A jirgin ƙasa muka koma gida, muna sauka matata ta juyo ta ce mini: "Ni dai gobe in za ka zaɓar mini, ka tambaye ni."

Na je har gida na ba uwar ango haƙuri, ta yafe, amma har yau in muka haɗu a kasuwar Lewisham sai ta ɗaga murya: "Baturen zaɓe, ina kwana? Wa ya ci yau?"

Don haka ina roƙonku, in an nuna muku dogon layi a waya, ku tambaya su wa aka tambaya, kuma wa ke kallonsu sa'ad da suke amsawa. In kuma an ba ku makirufo a biki, ku yi wa amarya addu'a ku zauna.