Tunau da Baƙuwar Kwamfuta

A ƙauyen Kurmin Dodo akwai wani tsohon malamin makaranta, Malam Bulus, wanda matarsa Ladi ta rasu ta bar masa ƙanenta Tunau. Tunau ya haura arba'in, amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Tun yana yaro Ladi ta koya masa cewa babba ake fara ba. Aikinsa a gidan guda ne: ya goge tsohuwar kwamfutar Malam, ya lulluɓe ta da ƙyallen da Ladi ta saƙa. A cikinta hotunan Ladi suke, da muryarta tana waƙar sujada. Ba su a ko'ina sai nan.

Wata rana ɗan Malam ya aiko da sabuwar kwamfuta daga Kaduna, ta hannun abokinsa Istifanus. Maƙwabta suka kewaye ta, har aka yaye ƙyallen Ladi aka rufa mata. Tunau ya tsaya bakin ƙofa, ransa na ƙuna.

"Tunau, baƙuwa ce," in ji Malam. "Ka yi mata yadda ake yi wa baƙo."

Ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya ajiye ruwa da fura. Da ta kwana biyu ya rusuna gabanta ya ce, "To, baiwar Allah, yaushe za a koma gida?"

Wata rana Istifanus ya ce, "Kawu, kada ƙura ta taɓa ta." Tunau ya sa ta a rumbu, ya liƙe bakin da laka. Aka wuni ana nema, yana zaune kusa da tsohuwar kwamfutar yana murmushi.

Wata rana tsohuwar kwamfutar ta mutu. Istifanus ya ciro faifan ajiyarta ya sa a sabuwar, allo ya ƙi nuna komai. Ya buɗe wani shafi mai layi biyu.

"Baba, hanya biyu take tashi, sabon tsari da tsohon tsari. Faifan nan tsohon tsari kawai ya sani. Ni ba na mai da sabon inji baya. Mu share faifan, mu fara daga fari."

"Da muryar Ladi?" Malam ya tambaya a hankali.

"Da komai, Baba."

Tunau ya matso kusa da allon. "Wanne ne babba a cikinsu?"

"Na ƙasan nan ya girme, Kawu," Istifanus ya ce yana dariya, ya fita cin abinci.

Tunau ya harari layin sama. Yaro ya hau kan babba, kuma a gidan nan. Ya danna maɓallan da ya ga Istifanus yana dannawa, ya mai da tsohon tsarin sama. Allo ya yi baƙi. Can sai fuskar Ladi ta bayyana, da ɗankwalinta na ranar Lahadi.

Malam ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi. "Tunau, daga yau kai za ka kula da baƙuwar nan."

Tunau ya zare ƙyallen daga kan baƙuwar, ya lulluɓe tsohuwar da ba komai a cikinta.

"Ta jira tukuna," ya ce. "Babba ake fara ba."